Sola a motar kwana: fanel 200W da batir 100Ah za su riƙe mu kuwa?

Tambayar da wani ɗan'uwa mazaunin Jamus ya turo ke nan a taƙaice: ya sayi Fiat Ducato doguwa, yana so ya mayar da bayanta ɗaki, shi da iyalinsa da yaro ɗaya su riƙa fita hutu da ita, har yana da burin su gangara Sifen su tsallaka Maroko. Zai sa firij, fitilu, fankar rufi, cajin waya da laftop, kuma madam na so a riƙa girki da tafasa ruwan shayi da lantarki. Wani abokinsa ya ce masa fanel 200W da batir 100Ah sun isa har da canji. Wai gaskiya ne?

Toh Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a yi ta shiga lafiya. Amsar ita ce a'a, in dai da girki ne ko kusa ba za su isa ba, in kuma ba girki to za su ɗan lallaɓa da kai a watan Yuni da Yuli kawai, shi ma sai in batirin litiyom ne. Amma bari na nuna maka yadda ake lissafin don kar gobe wani ya sake yanko maka lamba daga kansa.

Abin da ya kamata ka fara cirewa a ranka shi ne solar gida da muka saba gani a Kano ko Kaduna. Can in wuta ba ta isa ba sai a ƙaro fanel biyu a hau kwano a ɗaura, a ƙaro batir a ajiye a lungu, ba wanda zai auna nauyin gidanka. Mota kuwa rufinta ke nan ba ya ƙaruwa, kuma ga ramin fanka ya ci wuri, ga nauyi da doka ta ƙayyade, don lasisin tuƙi na B a Turai kilo 3,500 ne iyakarsa har da ku da ruwa da kaya da komai. Shi ya sa a mota ba a farawa da "fanel nawa zan saya", ana farawa ne da "me zan kunna, awa nawa", sai a yi ta rage kayan har su yi daidai da abin da rufin zai iya kawowa.

Lissafin ba wuya. Kowane kaya akwai wat ɗinsa a rubuce a jiki, ka ninka da awannin da yake aiki a rana, abin da ya fito shi ake rubutawa Wh. Mu ɗauki naka. Firij mai kwamfireso na 12V yana jan kamar 45W lokacin da yake aiki, amma ai ba ya aiki dare da rana, yana ɗaukewa yana dawowa, a lokacin zafi ka sa masa awa 10, ka ga 450Wh ke nan, kuma shi ne babban maciyin wuta a motar don ba ya hutu ko kuna barci. Fitilun LED guda 4 masu 3W na awa 5, 60Wh. Fankar rufi kamar 20W na awa 8, 160Wh. Laftop 60W na awa 3, 180Wh. Wayoyi 50Wh, famfon ruwa ka ce 20Wh don minti kaɗan yake yi. Jimla 920Wh. Sai ka ɗora kashi 20 cikin 100 na asarar da ake yi a waya da caja da sauransu, ka tashi da wajen 1,100Wh a rana. Wannan fa ba a ɗora tukunya ba tukuna.

Yanzu mu dubi batirin abokinka. 100Ah a 12V kusan 1,200Wh ne a takarda. In AGM ne ko gel, wato batir mai dalma da asid irin rufaffen nan, rabi kawai aka yarda ka sha in kana so ya yi maka shekaru, wato 600Wh, ka ga ko kwana ɗaya bai kai ka ba, kafin asuba firij ya fara kuka. In litiyom ne irin LiFePO4, shi 12.8V ne, 1,280Wh, kuma kana iya shan kashi 80 zuwa 90 ba tare da ka cuce shi ba, toh wannan zai kai ka kwana ɗaya cif, amma in aka wayi gari da hadari shikenan ka shiga uku. Ni dai a mota ba na ba kowa shawarar wani batir in ba LiFePO4 ba, ba don gayu ba, don nauyi: 100Ah na litiyom kilo 11 zuwa 13 ne, na AGM kuwa wajen kilo 30, kuma sai ka haɗa AGM biyu kafin su ba ka abin da litiyom ɗaya zai bayar. Kilo 60 a gefe ɗaya, kilo 12 a ɗaya gefen. Ga shi yana karɓar caji da sauri, yana kuma jure caji da saukewa sau dubbai. Ga mai tunanin irin dogon batir mai ruwa da ake sa wa inbata a gida, don Allah kar ma a fara, yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, ruwansa asid ne mai zuba in mota ta faɗa rami, kuma a ɗakin da za ku kwana da yaro ne.

Litiyom yana da sharaɗi ɗaya da ya shafe ka kai da ke ƙasar sanyi: ba a cajinsa in sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 0, yana lalata shi daga ciki kuma ba gyara. Saboda haka ka sayi wanda BMS ɗinsa, wato ɗan allon da ke cikinsa mai tsaronsa, yake yanke caji da kansa in sanyi ya kai haka, ko wanda ke da hita a ciki, sannan ka ajiye shi cikin ɗakin motar ƙarƙashin kujera ko gado, ba a ƙarƙashin mota ba. Don naka lissafin ni 200Ah zan ce, ya ba ka kusan kwana biyu ko rana ba ta fito ba.

Sai fanel. Lambar nan 200W da ke bayansa a ɗakin gwaji aka samo ta, da haske 1,000W a kowace murabba'in mita, fanel ɗin kuma yana digiri 25. A kan rufin mota ba haka ba ne. Na farko a kwance yake ba ya kallon rana, na biyu yana yin zafi har digiri 60 ko fiye, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kamar kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. Mutane na ɗauka zafi ne ke kawo wuta, ina, haske ne, zafi ragewa ma yake yi. Shi ya sa muke ninka wat ɗin fanel da awannin cikakkiyar rana, sannan mu ɗauki kashi uku cikin huɗu. A Jamus lokacin bazararsu kana samun kamar awa 5, don haka 200W zai ba ka wajen 750Wh a rana mai kyau. Kai kuma 1,100 kake ci. Kullum ana bin ka bashin 350, bayan kwana uku huɗu batir ya yi ƙasa ko da rana tana fitowa tas. Da 400W kuwa wajen 1,500Wh, ka biya na yau har ka rage bashin jiya.

Amma fa ka riƙe wannan da kyau, don nan ne mutanenmu da suka taso a inda rana ke nan kusan duk shekara suke ruɗuwa. A arewacin Najeriya awa 5 zuwa 6 ne kusan kowane wata. A Jamus watan Disamba fanel kwantacce ko awa 1 ba ya samu, wannan 400W ɗin da kyar zai kawo maka 200Wh, kuma lokacin ne dare ya yi tsawo kana kunna fitila tun ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ga hitar dizal irin Webasto ko Eberspächer, wadda duk da dizal take sha tana jan 8A zuwa 10A, wato amfiya 8 zuwa 10, lokacin tashi, sannan 1A zuwa 2A duk daren. Ko ka rufe rufin kaf da fanel ba zai fitar da kai a hunturun Turai ba, kar wani mai shago ya yaudare ka.

Abin da ke fitar da kai shi ne injin motar, kuma wannan ne abin da abokinka bai gaya maka ba. Akwai caja da ake kira DC-DC, tana ɗaukar wuta daga altaneta ta cika batirin ɗaki yayin da kake tuƙi. Mai 30A tana zuba wajen 400Wh a awa ɗaya, wato tuƙin awa ɗaya daidai yake da abin da fanel 100W zai wahala ya tara yini guda a lokacin rani. Tuƙin awa uku ya biya maka cin rana ɗaya. Tunda kai mai yawo ne ba mai zama wuri ɗaya sati biyu ba, in kuɗi ya gaza har sai an zaɓa tsakanin ƙarin fanel da wannan caja, ni cajar zan ɗauka ban ko yi shawara ba. Kar ka bari a sa maka rile kawai irin na da, wanda ke haɗe batirin mota da na ɗaki kai tsaye. Motoci da yawa na zamanin Euro 6, wato ƙa'idar hayaƙin mota ta Turai, altanetarsu kwamfuta ce ke juya ta, wutar tana hawa tana sauka don a rage shan mai, da rile batirin ɗaki ba zai taɓa cika yadda ya kamata ba, kuma litiyom mayunwaci ne, in ba abin da ya taka masa birki zai iya jan wutar da za ta gasa altaneta, musamman mota na tsaye inji na aiki a hankali. Hanya ta uku ita ce wutar sansani, filayen kwana na Turai suna da soket mai shuɗin kai na 230V, sai ka sa caja ta lantarki a motar da abin yanke wuta na RCD, mai katse ta da zarar ta fara zurarewa ta jikin mutum ko na mota. Ka lura wasu filayen 6A kawai suke bayarwa, wajen 1,400W, butar lantarki ɗaya ta isa ta kashe maka layin.

Toh ga maganar madam, a gaishe ta. Tafasa ruwa lita ɗaya ba wata wuta mai yawa yake ci ba, kamar 120Wh ne, matsalar ita ce yadda yake fizgarta lokaci ɗaya. Buta mai 2,000W a kan 12V, da asarar inbata, tana jan kusan 185A. Yawancin batir litiyom 100Ah BMS ɗinsu 100A ne iyaka, kana danna butar sai komai ya ɗauke ɗif. Kafin ka yi shayi da lantarki sai ka tanadi inbata 2,000W, batir mai iya ba da 200A, waya mai kauri 70mm², babban fiyus, duk don abin da gas zai yi maka a minti biyar. Girki kuma ya fi haka muni, don Turawan da kake gani a bidiyo suna girki da lantarki a mota taliya suke dafawa ta minti goma ko su soya ƙwai. Namu girkin wake ne da naman da sai ya yi laushi, ga miya ga tuƙin tuwo, awa ɗaya a matsakaicin 1,000W shi ne 1,000Wh, ka ninka cin wutar motar gaba ɗaya a tukunya ɗaya. Ana iya yi, akwai masu 400Ah ko fiye da fanel 600W da suke yi, amma kuɗin ya kusa ninka uku. Ni shawarata murhun gas mai kai biyu da tukunyar furesha, silinda a cikin akwati rufaffe mai ramin fitar iska ta ƙasa, da na'urar ƙara mai jin iskar kabon monoksaid a kusa da gado. Ka sani kuma kan silindar Jamus daban da na Sifen, ba za a canza maka ita a can ba, ka tafi da cikakkiya ko ka nemi adafta tun a gida. Zancen AC kuwa a bar shi kawai, 800W zuwa 1,000W na awa 6 ya kai 5,000Wh zuwa sama, sai dai in kana jone da wutar sansani.

Kwantirola, wato abin da ke tsakanin fanel da batir, iri biyu ce, PWM mai araha da MPPT. Ka sayi MPPT. Dalili: fanel irin na rufin gida mai 400W, wanda shi ya fi araha a kowane wat, tsawonsa kamar mita 1.7 faɗi mita 1.1 nauyi wajen kilo 21, yana aiki ne a wajen 31V da 13A. PWM jawo shi take yi ƙasa zuwa ƙarfin batir, 13A a 13.5V, ka tashi da 175W kacal, fiye da rabi ya bi iska. MPPT kuwa juya rarar take yi ta koma caji. Lambobi biyun da ke jikinta, misali 100/30 a na Victron, ma'anarsu kar wutar da ke shigowa daga fanel ta wuce 100V, kuma 30A ne iyakar abin da za ta tura wa batir, wanda ya yi daidai da fanel 400W zuwa 440W a tsarin 12V. Waccan ta farkon ba a wasa da ita. Ka duba Voc a bayan fanel, wato bolt ɗin da yake bayarwa in ba a jona shi da komai ba, in ka jera su a siris, wato kan + na wannan a kan − na wancan, sai ka tara lambobin, ka ƙara kamar kashi 10 cikin 100 saboda sanyi yana ɗaga ta. Biyu masu 37V ba laifi, uku sun ƙone ta. Wajen haɗawa kuma batir ake fara jonawa sannan fanel, wajen cirewa a fara cire fanel.

Inuwa ita ce abokiyar gabar da ba a gani a takarda. Murfin fankar rufi in ya ɗaga, ko eriya, ko reshen bishiya, in ya rufe ɗan gefe ɗaya na fanel sai ya zubar da kaso mai tsoka na wutar ba daidai da girman inuwar ba, don ƙwayoyin ciki a jere suke, ɗaya ta toshe ta riƙe 'yan'uwanta. In fanel biyu za ka sa kuma ka san ɗaya zai riƙa shan inuwa, haɗa su a faralel, wato + da +, − da −, ya fi, kowa ya ci gashin kansa. Ga kuma abin dariyar, a Sifen watan Agusta ba mai hankalin da zai ajiye motar da iyali ke ciki a tsakar rana, inuwa za ka nema, fanel kuma rana yake so. Maganinsa ƙaramin fanel mai naɗewa na 100W zuwa 200W da doguwar waya, mota a inuwa shi a rana, kana juya shi yana bin ta, sai dai kar ka tafi kasuwa ka bar shi a waje. Fanel mai lanƙwasa da ake mannawa kai tsaye a jikin rufi ban cika son sa ba, ba iska a ƙarƙashinsa, yana gasuwa, yana saurin mutuwa, cire shi kuma sai ya tafi da fenti. Mai firam da gilas ya fi, a ɗaga shi ɗan santimita kaɗan, a kafa ƙafafunsa da gam irin Sikaflex 252 bayan an goge wurin sosai, in da hali a ƙara da noti, don abu mai kilo 21 ya tashi daga rufi a babban titin Jamus ba ƙaramin bala'i ba ne ga na bayanka. In kun kai kudancin Maroko ƙura za ta kwanta a kai kamar ta hunturun gida, tsumma da ruwa duk bayan kwana biyu.

Inda nake so ka fi kashe hankali da kuɗi shi ne waya da fiyus, don fanel ba ya ƙona mota, waya ce ke ƙonawa. Mutane na raina 12V don ba ya jan mutum, amma batir litiyom in ƙarfe ya haɗa kawunansa yana iya sakin dubban amfiya a ƙiftawar ido, sifana ma narkewa take yi. Babban fiyus ya zauna dab da kan batir mai alamar +, kar ya wuce santimita 18, sannan duk wata waya da ta fita tana da nata fiyus daidai da kaurinta, don fiyus wayar yake karewa ba kayan ba. Ka yi amfani da waya mai silli-silli mai laushi ta jan ƙarfe zalla, ba sandararriyar wayar gini ba, girgizar hanya karya ta take yi, kuma ka kiyayi mai arha da ake sayarwa a intanet wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, in ka kankare ka ga fari a ciki ka mayar musu. Daga fanel 4mm² zuwa 6mm² ya isa, daga kwantirola zuwa batir 10mm² kuma gajere. Duk inda waya ta ratsa ƙarfen mota a sa mata roba a ramin. Kawunan waya a matse su da abin matsewa na gaske, ba filaya da salatif ba, kuma bayan tafiyar farko a sake bin notuna a ɗaure, sako-sakon haɗi shi ke yin zafi.

Inbata ka sayi ƙarama mai tsabtatacciyar wuta, wadda aka rubuta pure sine a kwalinta, 500W zuwa 600W ta ishe ka laftop da ƙananan kaya, kuma ka riƙa kashe ta in ba aiki, don babba tana iya shan 10W zuwa 20W a zaune kawai, a yini da kwana 240Wh zuwa 480Wh ke nan, kusan firij na biyu da ba ya sanyaya komai. Duk abin da ke da na 12V ka ɗauki na 12V, waya da laftop ma akwai soket ɗin USB-C da ke caja su kai tsaye. Sannan ka sa shant, ɗan mitan nan da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, don litiyom wutarsa tana maƙalewa a wajen 13.2V daga kusan cike har ya kusa ƙarewa, kallon lambar bolt kawai ba zai gaya maka saura nawa ba.

Da ni ne da Ducato ɗinka, abin da zan haɗa: fanel 400W, MPPT 100/30, LiFePO4 200Ah mai kariyar sanyi, DC-DC 30A, cajar sansani, shant, ƙaramar inbata, girki a gas. Kafin ka biya kuɗin fanel ka hau rufin da tef ka auna abin da ya rage bayan fanka, don wani lokacin guda biyu masu 200W sun fi shiga fiye da babba ɗaya. Ɓangaren 12V in kana da hannu za ka iya yi da kanka a hankali, amma na 230V da na gas ka kai wa mai takardar aikin ya haɗa ko aƙalla ya duba ya sa hannu, saboda inshora da masu duba mota na can suna tambaya. In ka cika ɗakin da tankin ruwa da komai, ka bi ta ma'aunin mota kai da iyali a ciki ka ga ko kana ƙasa da kilo 3,500 kafin ku kama hanyar Algeciras, tashar jirgin ruwan Sifen da ake tsallakawa Maroko.